Aikin Haƙori da Cuta Mai Karya Garkuwar Jiki: Bayani ga Jama'ar Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san cewa kafin gari ya waye ba abin da yake nema illa wanda zai raba shi da haƙorin, ko wane ne shi, kuma ko da wane irin ƙarfe zai yi aikin. A yawancin ƙauyukanmu likitan haƙori mafi kusa yana babban asibiti ne, wani lokaci ma sai an dangana da babban birnin jiha. Saboda haka mutane da dama sukan ƙare a hannun mai cire haƙori na ranar kasuwa, ko kuwa a hannun wanzami. Bugu da ƙari, tun daga 1986 da aka fara ba da rahoton ɓullar cuta mai karya garkuwar jiki a Nijeriya, tsoro iri biyu ya shiga harkar haƙori. Akwai majiyyacin da ke gudun asibiti don kada a sa masa cutar da kayan aiki, akwai kuma ma'aikacin asibitin da ke gudun majiyyaci da zarar ya ji yana ɗauke da ita. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su san inda haɗarin yake a zahiri, kuma domin shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da hakimai da dagatai da kwamitocin kula da asibitocin mazaɓu su san abin da ya kamata su riƙa dubawa.

Ta ina cutar ke bi?

Ƙwayar cutar HIV, wadda idan ta daɗe a jiki ba magani take kai mutum ga ƙanjamau, tana yaɗuwa ne ta jini da maniyyi da ruwan gaban mace da nonon uwa. Ba ta yaɗuwa ta yawu. Cin tuwo a kwano ɗaya, ko shan ruwa da moɗa ɗaya, ko tarin wanda ke zaune kusa da kai, duk ba sa kawo ta. Abin da ya sa ake maganarta a sashen haƙori shi ne, da wuya a yi aiki a baki jini bai fita ba. Cire haƙori yana fitar da jini, wankin haƙori yana fitar da jini daga dasashi, allurar kashe zafi ma cikin nama take shiga. Idan jinin mutum na farko ya saura a jikin ƙarfe, aka sa ƙarfen nan a bakin mutum na biyu, hanya ta buɗe.

Binciken ƙasa da aka gudanar gida-gida a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, an kuma ƙiyasta yawan masu ita gaba ɗaya a kan mutum miliyan 1.9. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya fi na ko'ina ƙanƙanta, kashi 0.6 cikin ɗari. Wani zai ce ai wannan kaɗan ne. To, amma mutum 6 ne cikin kowane 1,000, kuma sashen haƙorin da ke duba mutum goma a rana zai ga mutum 1,000 cikin wata biyar. Ba wanda zai iya nuna su da yatsa, domin mutum yakan yi shekara takwas ko goma da cutar yana noma yana kasuwanci ba tare da wata alama ba. Haka nan wanda ya kamu sabo-sabo, gwajin gaggawa na iya kasa ganin cutar har tsawon wata uku, alhali a makwannin farkon nan ne ƙwayar cutar ta fi yawa a jininsa. Wannan shi ya sa duba fuskar majiyyaci, ko neman takardar gwaji kafin a yi masa aiki, ba ya kare kowa.

Darasin da aka samu daga Amurka

A 1990 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ba da rahoton wata budurwa a jihar Fulorida da ta kamu da cutar, aka bi duk hanyoyin da aka sani ba a ga ta inda ta same ta ba, sai dai an taɓa cire mata haƙora a wurin wani likita mai ɗauke da ita. Da bincike ya faɗaɗa, sai aka tarar da majiyyatansa shida masu ƙwayar cuta irin tasa. Likitan ya rasu a wannan shekara, kuma ba a taɓa tabbatar da yadda abin ya auku ba. Labarin ya tsorata duniya, har mutane suka riƙa ƙaurace wa likitocin haƙori. Sai dai daga baya an gwada majiyyata fiye da 22,000 waɗanda wasu ma'aikatan lafiya masu ɗauke da cutar suka yi wa aiki, ba a sami ko ɗaya da ya kamu ta wannan hanya ba.

Tun a 1987 hukumar ta fitar da ƙa'idar da duniya ke bi har yanzu: a ɗauki jinin kowane majiyyaci tamkar yana ɗauke da cuta, a yi wa kowa kariya iri ɗaya. Abin da ya faru a Fulorida shi ya sa asibitocin haƙori suka riƙe ƙa'idar da hannu biyu. Inda aka yi sakaci da ita kuwa, arzikin ƙasa bai hana ɓarna ba. A 2013 an nemi majiyyata kimanin 7,000 na wani asibitin haƙori a jihar Okalahoma su je gwajin jini saboda ƙazantar kayan aiki, aka kuma tabbatar da cewa ciwon hanta nau'in C ya tsallaka daga wani majiyyaci zuwa wani.

Wannan ya kawo mu ga maganar da jama'a ba su cika ji ba. A kujerar haƙori ciwon hanta ya fi HIV saurin kamu nesa ba kusa ba. Idan allurar da ta gurɓata da jinin mai HIV ta soki ma'aikaci, kimanin sau 3 cikin 1,000 ne cutar ke kama shi. Idan ciwon hanta nau'in C ne, kusan sau 2 cikin 100. Idan kuwa nau'in B ne, abin yana iya kaiwa sau 30 cikin 100. Ƙwayar nau'in B tana iya yin kwana bakwai a busasshen jini tana nan da ƙarfinta, kuma binciken nan na 2018 ya same ta a jikin kimanin kashi 8 cikin ɗari na manyan mutane a Nijeriya. Ma'aikacin da ke rawar jiki idan ya ji sunan HIV, amma bai yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Allurar sau uku ake yin ta cikin wata shida, kuma wajibi ce ga duk mai aiki da jini, har da mai wanke kayan aiki da mai shara.

Yadda ake tsabtace kayan aiki

Akwai kayan da sau ɗaya ake amfani da su a yar: allura, da kwalbar maganin kashe zafi ko da ba ta ƙare ba, da wuƙar fiɗa, da safar hannu, da bututun zuƙe yawu. Majiyyaci yana da ikon ya ga an ɓare sabuwar allura a gabansa, ya kuma ga an wanke hannu an sa sabuwar safa. Wanke safar hannu a sake amfani da ita ga wani ba daidai ba ne.

Kayan ƙarfe da ake maimaitawa, kamar awartakin cire haƙori da madubin baki da ƙarafan kankare dattin haƙori, matakai biyu suke bi. Da farko a wanke su da ruwa da sabulu da buroshi har sai jini da datti sun fita, domin jinin da ya bushe a lungun awartaki yana kare ƙwayar cuta daga zafi. Bayan haka a sa su a tukunyar turara kayan aiki, wadda ke dafa su da tururi mai matsi. Ruwa yana tafasa ne a digiri 100, ita kuwa wannan tukunya tana kai tururi digiri 121, a bar kayan minti 15 zuwa 30, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4. Kan injin huda haƙori shi ma dole ya shiga tukunyar bayan kowane majiyyaci, saboda yana iya zuƙar jini da yawu zuwa cikinsa, kuma shafa shi ta waje ba ta kai can.

Goge awartaki da auduga da sifirit ba tsabtacewa ba ce, ko da ƙarfen ya yi ta walƙiya. Tafasawa na minti 20 cikakku tana kashe HIV da ciwon hanta, amma ba ta gamawa da irin ƙwayoyin nan masu taurin rai, kamar na cutar sarƙe-haƙora, don haka mafita ce ta lalura kawai. Rashin wutar lantarki ma ba uzuri ba ne, tun da akwai ƙananan tukwanen turara kaya da ake ɗorawa a kan risho ko murhun gas.

Kasuwa, zabira da gida

A ganinmu, babban haɗari ga mutumin karkara yana wajen asibiti ne. Mai cire haƙori na kasuwa yakan shimfiɗa kayansa da awartaki ɗaya ko biyu, da kwanon ruwa ɗaya da yake ɗauraye su a ciki tun safe har la'asar. Mutum na goma da ya zauna gabansa, jinin mutum tara ne ya riga shi taɓa ƙarfen. Ban da cuta, sau da yawa saiwar haƙori kan karye ta saura a ciki, muƙamuƙi ya kumbura ya tara ruwa, kuɗin da aka guje wa kashewa a ninka shi a asibiti. Haka abin yake ga masu sa haƙorin Makka da masu goge haƙora don buɗe wushirya, matuƙar ba su da horo da rajista.

Wanzanci sana'a ce mai asali, kuma jama'a sun amince da wanzamai fiye da yadda suka amince da ma'aikatan asibiti da yawa. Amma aska da ƙoshiyar cire belu da ƙahon da suka fito daga zabira ɗaya suka zaga gidajen suna uku a safiya guda, ba su san ɗan wane ba. Likitoci ba su ga amfanin cire belun jariri ba, illarsa kuwa sananniya ce: zubar jini, da sarƙe-haƙora, da cututtukan da ke bin jini. Hakimai da dagatai suna da hanyar da jami'in lafiya ba shi da ita, wato zama da Sarkin Aska da mutanensa a yi magana cikin mutunci, a amince cewa aski da makamantansa sai da sabuwar reza ga kowane mutum, aikin cikin baki kuwa a tura shi asibiti. A gida kuma, kowa ya riƙe asuwakinsa da buroshinsa da rezarsa, domin dasashin mutane da yawa yana jini ba su lura ba.

Abin da baki ke nunawa

Sau da yawa a baki ne raunin garkuwar jiki ke fara bayyana, tun mutum bai kwanta ba. Wanda ya fi yawa shi ne farin abu kamar gudajin nono a harshe ko ganɗa ko cikin kumatu, wanda idan aka goge sai a ga wurin ya yi ja, wani lokaci tare da tsagewar gefen baki. Akwai kuma wani fari mai layi-layi a gefen harshe wanda ba ya goguwa. Akwai ciwon dasashi mai zafi da wari da ke cin nama da sauri har haƙora su fara girgiɗa, da gyambon bakin da ya wuce mako biyu bai warke ba, da tabo ja ko shuɗi-shuɗi a ganɗa wanda kan zama wani nau'in ciwon daji. A wajen yara, kumburin gefen kunnuwa biyu mai kama da hangum, amma ba zafi kuma ya ƙi sacewa wata da watanni, abin dubawa ne.

Sai dai a yi hattara. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbatar da cewa mutum yana da HIV. Farin harshe yana samun jarirai lafiyayyu, da masu ciwon sukari, da wanda ya daɗe yana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta. Gwajin jini kaɗai ke rabe gaskiya. Aikin ma'aikacin haƙori shi ne ya keɓe da majiyyaci, ya yi masa bayani, ya ba shi shawarar gwaji, ya kuma haɗa shi da sashen da ke yi. Ba a gwada mutum ba da yardarsa ba, kuma ba a faɗa wa wanda ya rako shi. Akwai wani gwaji da mutum kan yi da kansa ta hanyar shafa abin gwajin a dasashi, wanda ya sa wasu ke cewa ashe cutar tana cikin yawu. Ba haka ba ne. Abin da gwajin ke nema shi ne sinadarin da jiki ya ƙera don yaƙar cutar, kuma idan ya nuna akwai, sai an tabbatar a asibiti.

Ya dace a ambaci cutar da likitoci ke kira noma, wadda ba ta da wata alaƙa da aikin gona, a wasu wurare kuma ake ce mata ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6. Takan fara da ciwon dasashi mai wari, cikin 'yan kwanaki ta huda kumatu ta ci fuska. Tushenta rashin abinci mai gina jiki ne da ƙyanda da rashin tsabtar baki, HIV kuma yana cikin abubuwan da ke share mata hanya. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Idan aka kai yaro asibiti tun ciwon yana dasashi, magani yana tsayar da shi.

Haƙƙin mai ɗauke da cutar

Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna bambanci ga masu ɗauke da HIV, ciki har da ƙin duba su a asibiti da bayyana sirrinsu ba da izininsu ba. Duk da haka akwai ɗabi'un da suka ƙi mutuwa: a ce wa mutum ya dawo gobe, gobe ta zama jibi, a ajiye shi sai kowa ya watse, a yi wa katinsa alamar da har mai shara ya gane, ko a ce ai sai asibitin koyarwa, alhali cikon haƙori ne kawai yake buƙata. Sakamakon wannan a bayyane yake. Wanda aka wulaƙanta sau ɗaya, in ya je wani wuri ba zai faɗa ba, ko kuma ya koma wa mai awartakin kasuwa. Asibitin da ke tsananta tsabta ga wanda ya faɗi gaskiya kaɗai kuwa, ya tona wa kansa asiri cewa ba ya yi wa sauran yadda ya kamata.

Tun 2006 ake bayar da maganin rage kaifin cutar kyauta a asibitocin gwamnati da aka ware, kuma tun 2016 ake fara wa mutum magani da zarar gwaji ya tabbatar, ba sai ya galabaita ba. Wanda ke shan maganinsa kullum, ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganinta, ciwukan baki su ja baya, kuma ana cire masa haƙori ko a yi masa ciko kamar kowa. Duk da haka muna ba shi shawara ya sanar da likitan haƙori halin da yake ciki da magungunan da yake sha, don amfanin kansa: wasu magunguna ba sa jituwa da juna, kuma idan garkuwar jiki ta yi ƙasa sosai likita zai so ya duba jini kafin ya yi fiɗa. Wanda aka ƙi dubawa ko aka tona masa asiri yana iya kai kuka ga shugaban asibiti, ko hukumar yaƙi da cutar ta jiha, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Idan allura ta soki ma'aikaci

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana. Kada a matse, kada a tsotsa, kada a zuba bilic. Idan jini ne ya fantsama a ido, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Daga nan a sanar da shugaban sashe, a yi gwaji, a fara shan maganin kariya na gaggawa cikin sa'o'in farko. Idan aka wuce sa'a 72 ba ya amfani, kuma kwana 28 ake shan sa ba fashi. Yawancin irin wannan suka yana faruwa ne wajen mayar da murfin allura da hannu biyu, don haka a ajiye murfin a kan tire a zura allurar da hannu ɗaya. Shi ma ma'aikacin da ke ɗauke da cutar ba dalili ba ne na raba shi da aikinsa. A 2014 Birtaniya ta janye haramcin da ta sa wa irin waɗannan likitoci na yin fiɗa da aikin haƙori, bisa sharaɗin suna shan magani kuma ana auna jininsu a kai a kai.

Abin da jami'ai za su duba

An saba ganin an sayi kujerar haƙori mai tsada an yi bikin buɗewa, amma ba a ware kuɗin safar hannu da allura da takunkumin fuska na wata-wata ba. Jami'in da ya kai ziyara ba sai ya karanci likitanci ba kafin ya gane gaskiyar wuri. Ya nemi a nuna masa tukunyar turara kaya tana aiki, da littafin da ake rubuta ranar da lokacin da aka kunna ta. Sannan ya ƙirga awartakai ya kwatanta da rajistar majiyyata. Zagaye ɗaya na tukunyar, daga ɗumama zuwa bushewa, yakan ci kusan sa'a guda. Idan awartaki uku ne a sashen, rajista kuma ta nuna an cire haƙori goma sha biyar kafin azahar, akwai tambayar da ke buƙatar amsa. Ya duba akwatin zuba allurai, wanda ake rufewa idan ya kai kashi uku cikin huɗu, ya kuma bi sawu ya ga inda ake ƙona shi, domin yara suna tsintar sirinji a juji su yi wasa da shi. Ya tambayi inda ake samun maganin kariya na gaggawa ranar Asabar da dare, da sunayen ma'aikatan da suka kammala allurar ciwon hanta.

Game da masu buɗe wuraren aikin haƙori na kuɗi, likitan haƙori sai yana da rajista da lasisin shekara daga Hukumar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Masu wankin haƙori da masu ƙera haƙoran roba su ma kowannensu da hukumar da ke yi masa rajista, kuma mai ƙera haƙori ba aikinsa ba ne cirewa.

Haka kuma a sa ido a kan ayyukan jinya kyauta da ƙungiyoyi ko masu hannu da shuni kan kawo ƙauyuka, inda ake cire haƙora da yawa a yini ɗaya a harabar makaranta ko ƙofar fada. Aikin alheri ne, jama'a kuma suna buƙatarsa. Amma kafin shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ba da izini, ya nemi a rubuce sunayen likitocin da lambar rajistarsu, da yawan kayan aikin da za su zo da su, da yadda za a turara kayan a wurin, da wanda zai kwashe allurai bayan an tashi, da asibitin da wanda jini ya ƙi tsaya masa cikin dare zai nufa.